Muryar Harouna ba ta da kwaɗo

"Baba Isa, shigo ka raba mu!" Samira ce, ƴar maƙwabcina Harouna, ta leƙo ta katanga.

Na tarar da Harouna kishingiɗe a inuwar darbejiya, ya rame sai idanu, yana dariya. Tun da likita ya sallamo shi muka san abin da ake jira, shi ma ya sani. Ɗansa Salim na tsugune da ordinatar, wato kwamfuta, a cinya.

Ni ban yi lakwal, wato karatun boko, mai nisa ba. Harouna kuwa ya ƙare ƙarfinsa a aikin ordinatar, da ya yi ritaya sai ya haɗa wani lojisiyel, wato manhaja, da ke karanta saƙon waya da Hausa, da muryarsa. Da shi nake jin saƙon ɗana na Maradi. Rabin tsofaffin unguwarmu Boukoki da shi suke ji.

"Wani kamfani na son sayen lojisiyel ɗin Baba," in ji Salim. "Suna da ma'aikata, za su kula da shi. Amma za su rufe cikinsa, sai su kaɗai ke taɓawa. Baba, guminka ne. Ƴanci ai shi ne mai abu ya yi yadda ya so da abinsa."

"Gaskiyar yaro," na ce. "Akuyar da ba ta da mai ita, kura ke kiwonta." Na faɗa ne dai, amma a raina ina cewa: in suka rufe, wa zai karanta mini saƙo?

"A sake shi kawai!" in ji Samira. "Ba sharaɗi. Kowa ya ɗauka, ya gyara, in ya ga dama ya rufe nasa. Wannan ne ƴanci."

"Ke da ko cajarki ba ki ba da aro?" in ji Salim.

"Don ba ka maidowa, ɓarawon caja!"

Harouna ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Aisa ta ba shi ruwa tana hararar su.

"Salim, ba ka yi ƙarya ba, nawa ne," ya ce. "Shi ya sa ni zan zaɓa. Samira, naki kuwa shi ne rijiya ta bayar, guga ya hana. Ga nawa: kowa ya ɗiba, ya gyara, ya sayar ma in ya iya. Amma abin da ya gyara ya bar shi a buɗe yadda ya same shi."

"To ai ka ɗaure su ke nan," in ji Samira.

"Hannun mai kwaɗo kaɗai na ɗaure."

Salim ya ɗago kai daga allon ordinatar. "Har kamfanin zai iya ɗauka?"

"In sun yarda da sharaɗin, bisimilla. Kai ma ka iya cin abinci da kula da shi. Latsa ka sake shi ga kowa, kafin Alhaji Isa ya kawo wani karin magana mu kwana nan."

Ya latsa. Aisa ta kawo kopto na zogale, Harouna ya ci loma biyu, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, cikin sauƙi.

A zaman makoki ana ta shigowa. Wata malamar lakwal daga unguwar Kirkissoye ta tsallako gada, ta ce wa Salim sun fara sa wa lojisiyel ɗin Zabarmanci, tana neman taimako. Ya matsa mata a tabarma.

Can wayata ta yi ƙara. Na latsa ba tare da tunani ba. Sai muryar Harouna ta fito daga aljihuna, tsaf, ba gaggawa: "Baba, mun ji rasuwar Malam Harouna. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne."

Kowa a rumfar makokin ya waiwayo ni. Daga cikin gida Aisa ta ce, "Ku ji shi! Har yanzu yana yabon kansa."

Liman ma sai da ya rufe baki da rawani don ɓoye dariya. Aisa ta aiko a karɓi wayar, ta sa a kunnenta, ta ce a sake kunna mata.