Sauran Ruwa a Cikin Inji

Shekara bakwai na yi a ƙasar waje ina leƙen ƙwaƙwalwar ɓeraye. Yayana Tamba ya ce wannan ba karatu ba ne, neman magana ne, tunda ga ɓerayen rumbunmu nan kyauta. Ban ji haushi ba, don ni ma in aka tambaye ni aikina sai in yi ta kame-kame.

Abin kuwa ba wuya. A cikin ƙwaƙwalwa, jijiya ba ta taɓa 'yar uwarta, akwai 'yar rata a tsakani. Idan saƙo ya iso bakin ratar, sinadarin kalsiyam ne ke kwararowa cikin bakin jijiyar, shi ke sa ta saki saƙon ya tsallaka. In saƙo na biyu ya biyo nan take, sai ya tarar da sauran kalsiyam na farko bai gama fita ba, ya tsallaka da ƙarfin da ya fi na farkon. In an jinkirta kuwa, babu saura. Wannan ɗan sauran na zauna ina aunawa har aka fara ce mini dakta.

Ina can ina awo mahaifinmu, Malam Hodi, ya fara mantuwa. Tamba ya faɗa mini a waya cewa Baba ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Na ce gajiya ce da tsufa. Ni da nake karatun ƙwaƙwalwa na faɗi haka, kuma har yau ina jin kunyarsa. Sallah zuwa Sallah nakan kira, kowace shekara in ce baɗi ina tafe.

Da na dawo, na same shi a gidan Tamba a Badariya, zaune kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi gajiyar hanya, sannan ya waiwaya ya ce wa Tamba a kawo wa baƙuwa ruwa.

Ya san Tamba. Ya san matar Tamba mai ba shi kunu kowace safiya. Har akuyar gidan ya sani, yana yi mata faɗa in ta taɓa shanya. Ni kaɗai ce baƙuwa.

Sai na koma yin abin da na san wauta ce. Kullum in zauna kusa da shi in ce, "Baba, Nazifa ce. Nazifa ce," sau biyu a jere, ko na biyun zai tarar da sauran na farko. Na fi kowa sanin cewa abin da nake aunawa ba ya kai ƙiftawar ido, kuma ba maganin ciwonsa ba ne. Mako uku ina yi. Yakan gyaɗa kai ya ce Allah ya yi albarka, kamar yadda yake ce wa mai tallan albasa.

Tamba ne ya ce mu kai shi gona a Zauro, ko ganin shinkafa zai faranta masa. Muka je da hantsi. Tsohon injin ban ruwan da Baba ya sayo a Argungu tun ina firamare yana nan bakin rijiyar burtsatse. Tamba ya ja igiya, inji ya tashi yana ta ƙara, amma tiyo ko ɗigo.

Baba ya miƙe. Mutumin da sai an nuna masa takalminsa, shi ne ya kashe inji, ya kwance murfin sama ba tare da ya duba ba, ya miƙo mini bokiti ya ce in ɗura a hankali. Na ɗura har ya cika. Ya ɗaure, ya ja igiya, ruwa ya taho yana gudu cikin fangalin shinkafa.

Ya dube ni, yana jin daɗin samun wanda zai koya wa. "Injin da anka kashe yanzu, da sauran ruwa cikinai, ja guda shi ka kawowa," ya ce. "Wanda anka bari ya daɗe, bushewa shi kai."

Na ce na gane.

Ya ce hannuna bai zubar ba, kamar na ɗiyarsa, ita ce mai ɗura masa ruwa tun tana 'yar ƙarama. Ya tambaye ni ko daga wajen masu karatu na fito. Na ce e.

"To ɗiyata na can, Nazifa sunanta. In kin gan ta, ki ce mata ta taho tun ina iya gane ta."

Tamba ya juya baya, ya kama gyaran tiyon da ba abin da ya same shi. Na buɗe baki in ce ni ce, sau biyu kamar kullum, sai na ga Baba yana jiran amsa da gaske.

Na ce masa zan gaya mata.