Baƙuwar Ɗaki Na Tara

Kwana shida Inna da Baba suka yi a ƙasar da 'yarsu Auta take aiki, amma Inna ba ta sami zama da ita ba. Gidan kula da tsofaffin da Auta take aiki ya rasa ma'aikata biyu, aka hana ta hutu. Ranar komawa, jirginsu da la'asar, Inna ta bar Baba da akwatuna ta nufi gidan.

"Ma'aikata ba sa ganin baƙi," in ji maigadi. "Masu ziyarar tsofaffi kawai ake bari su shiga."

Inna ta dafa teburinsa. "Ɗana, cikin tsofaffin nan, wa ba a taɓa zuwa dubawa ba?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya turo mata littafin baƙi. "Ɗaki na tara."

Tana zaune riƙe da hannun tsohuwar da ba ta sani ba, Auta ta shigo da tawul da kwanon ruwa, ta tsaya cak.

"Inna!"

"Yi aikinki, 'yar nan, kada su kore ki. Ni kallonki na zo yi."

Har aka gama wa tsohuwar wanka, Inna ba ta ƙifta ido ba.