Gindin Darbejiyar Inna

Ranar da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo da jan fenti, ina makaranta ina fama da 'yan aji uku. Da la'asar na biyo titi, sai na tarar kowace darbejiya a layin an shafa mata ja a ciki, fentin ko bushewa bai yi ba, yana dalala a jikin ɓawon. Mahaifiyata Inna Kaltume tana zaune a gindin tata, kaskon ƙosai a gabanta, mai ya yi zafi har yana hayaƙi, ita kuwa ba ta saka komai a ciki ba.

Na ce, "Inna, man zai ƙone fa."

Ta ce, "Sakinatu, wai sarewa za su yi. Za a faɗaɗa titi, a yi kwata, a kafa fitilun sola."

Titin nan da ake ta ji da shi, burtali ne a da, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. A ƙauyenmu, can tsakanin Bici da Shanono, babu taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Geron wannan yana gogar dawar wancan, kuma a kan kunya ɗaya sai 'yan uwa su yi shekara ba sa ga maciji. Gari ya yi ta matsowa har ya cinye burtalin, aka zuba masa kwalta. Darbejiyoyin kuwa suna gefe guda ne kawai, a jere kusa da kusa, rassansu sun sarƙe. Duk wanda ya san dashen gwamnati ya san ba haka take dasawa ba. Amma ba wanda ya taɓa tambayar wa ya dasa su. Mai shayi yana nan, 'yan acaɓa suna nan, mai rake, mai faci, kowa da inuwarsa.

Ta Inna tana tsakiyar layin. Tun da ta manyanta ta fara fita sana'a, nan ta zaɓa. Mahaifina Malam Balarabe ya yi ta cewa ta koma tsallake, wai can ya fi ciniki. Ta ƙi. Ta ce nan ne kaɗai take zama ta ji ƙirjinta ya sake. Wani lokaci, idan rana ta take, titi ya yi tsit, takan ce tana jin kamar wani ƙaramin yaro ya jingina da bayanta. Cikin raha take faɗa. Nakan ce mata, "Inna, kututturen ne." Sai ta ce, "Kututture yana da ɗumi ne?"

Shi kuwa Baba, ban taɓa ganinsa zaune a inuwar nan ba. Idan zai wuce, sai ya tsaya daga nesa ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi gefe yana motsa baki, sai ya wuce ta ƙarshe sannan ya mayar. Muna yara kunya yake ba mu, don 'yan acaɓa har kwaikwayonsa suke yi. Na taɓa tambayarsa, ya ce ƙafarsa ce ke zafi. Ƙafar da ba ta zafi sai a wuri ɗaya!

Ni ba a san ni da haƙuri ba, kuma ban ga dalilin da zan fara a ranar ba. Na bi gida gida na tayar da mutane. Mai unguwa Abdulhadi, wanda bai daɗe da gadon mahaifinsa ba, ya kwashi dattawa suka je sakatariya, aka ce su dawo, suka koma, aka ce shugaba ya tafi Kano. Daga ƙarshe dai aka turo mana injiniyan aikin, wani matashi mai suna Nabil, ya zo ya zauna da mu a gindin itatuwan. Na so ƙwarai ya zama marar kunya don in samu na faɗa, sai ya kasance mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gai da tsofaffi.

Muka ce inuwa. Ya ce za a ba mu sabon dashe ninki biyu. Muka ce sana'a. Ya ce za a yi rumfunan kwano. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa zama a rumfar kwano da bazara? Ko so kake a soya tsofaffin tare da ƙosan?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ce, "Malama, wallahi na fahimce ki. Amma duk damina ruwa yana shiga gidaje a layin nan, kuma saiwoyin suna daidai inda kwatar za ta bi. A ba ni dalili guda da zan kai sama a karɓa. Inuwa ba za su karɓa ba."

Baba yana can tsallake a tsaye cikin rana, takalma a hannu. Na dube shi, ya sunkuyar da kai. Shi ne mafi tsufa a cikin masu sauran ƙarfi a unguwar, da ya yi magana da an saurara. Raina ya ɓaci matuƙa. Da muka koma gida na ce, "Baba, kowa ya yi magana har mai faci, kai ka yi shiru. Wurin Inna ne fa." Ya ce, "Na sani, Sakinatu." Ya shige ɗakinsa, tuwon ma bai taɓa ba.

A kwanakin da suka biyo baya Inna ta rame. Ba ta ƙara yin raha da maganar jinginar nan ba. Wata rana ina taya ta kwashe kaya ta ce min a hankali, "Tun da suka shafa jan abin nan, riƙe ni ake yi. Nan, a gefen zani." Ta nuna min wurin. Na ce ta daina irin wannan magana, ta dinga karanta Falaƙi da Nasi. Amma ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi, don na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba: awakin unguwa, da suke kwanciya ko'ina har kan titi, ba sa kwanciya a layin nan.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. Ina da yaya da ban taɓa gani ba. Ta rasu tana 'yar shekara uku, a daminar da aka yi annobar amai da gudawa, tun ba a haife ni ba. Ita ce 'yar fari, kuma Inna irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ko da ta rasu ba ta yi kuka a ga hawayenta ba. A bakin goggona na ji cewa sunanta Bilkisu. Idan ta kama dole Inna ta ambace ta, sai ta ce "yarinyar nan". Maza suka ɗauke ta a tabarma suka fita, suka dawo suka ce an kai ta makwancinta. Mace ba ta bin gawa, ba ta kuma tambayar inda aka sa ta.

Ranar saran, da hantsi motar ƙaramar hukuma ta iso da mutane da injin yankan itace. Unguwa kaf ta fito. Mai shayi ya ƙi ɗage bencinsa, 'yan acaɓa suka jera baburansu, Inna ta hura wutarta kamar kullum ta zauna. Ni ina ta masifa har muryata ta dushe. Suka fara da ta ƙarshen layi, wadda ba kowa a gindinta. Ƙarar injin ta cika gari. Itacen ya yi wata irin ƙara doguwa, ya karkata, ya zube a kan kwalta, ɗacin ganyensa ya bugi hancin kowa. Sai wuri ya yi shiru, ban san dalili ba, har yaran da ke ihu suka yi tsit.

A cikin shirun nan Baba ya ratso titi ba takalmi. Ya tsaya a gaban kututturen da aka sare, ya fuskanci layin, ya ɗaga murya ya faɗi abin da ya yi shekaru yana faɗa a cikin baki:

"Assalamu alaikum ya ahlal ƙubur."

Sallamar da ake yi wa mutanen kabari. Babu wanda bai gane ba.

Mai unguwa ya ce, "Baba Balarabe, me kake faɗa haka?"

Baba ya ce, "Yara ne. Kowace bishiya da yaro a ƙarƙashinta." Ya bi layin da kallo, ya ci gaba. "Shekarar amai da gudawa, rafi ya cika ya kawo, ya raba mu da maƙabarta. Gawarwakin manya mun yi ƙoƙari mun haye da su. Yara kuwa kullum sai an fitar, wani lokacin biyu. Gonaki duk gero ya kai kai, ba inda za a sa su sai bakin burtali, don shi ne ba na kowa ba. Muka dasa darbejiya a kan kowanne, muka kewaye da ƙaya saboda shanu. Muka ce kada a gaya wa mata, don ta nan suke bi zuwa rijiya. Muka ce idan ruwa ya janye za mu yi wa wurin shinge na sosai." Ya juya ya dubi mai unguwa. "Ruwa ya janye, aka shiga girbi. Ƙaya ta ruɓe. Wata rana na ga mutum ya shimfiɗa buzu a nan yana hutawa, na jira wani ya yi magana, shi ma wanin yana jira na. Har da mahaifinka, Abdulhadi. Yanzu duk sun tafi sun bar ni da ita. Wannan da kuka sare, ɗan Ɗanliti ne, iyayensa sun daɗe da komawa Minjibir."

Ban taɓa ganin mutane sun bar wuri da sauri haka ba. Mai shayi ya sungumi bencinsa yana salati. 'Yan acaɓa suka tura baburansu ba tare da sun tayar ba. Injiniya Nabil ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sunkuya ya kwance takalmansa, ya ce wa mai injin ya mayar da shi mota.

Inna kaɗai ba ta motsa ba. Ta dubi Baba ta ce, "Malam, wacce?"

Bai iya ɗaga kai ba. Hannu kawai ya ɗaga ya nuna kututturen da bayanta yake jingine da shi.

Ta ce, "Kana gani na zauna?"

"Na ce ki koma tsallake."

"Ka ce can ya fi ciniki."

Ta juya a hankali ta ɗora tafin hannunta a ƙasa, kusa da saiwar, ta bar shi a nan. Ni na kashe wutar, na ɗauke kaskon. Tausayinta ya kama ni, da haushin Baba, da tausayinsa shi ma, duk a lokaci guda, har na rasa wanda zan fara da shi.

Mun yi nasara, haka kowa ya ce. Ƙaramar hukuma ta karkatar da kwatar zuwa tsallake, masu gonakin bakin titi suka bayar da gefe ba gardama, abin da ban taɓa zaton zan gani ba a garin nan. Aka yi gayya aka zagaye itatuwan da katangar bulo, aka sa ƙofar ƙarfe. Mutane suna tare ni a hanya suna cewa, "Malama, sannu da ƙoƙari." Ranar da aka gama ginin liman ya yi addu'a, sannan ya tunatar da jama'a cewa wurin nan yanzu maƙabarta ne, a kiyaye alfarmarsa: ba zama, ba ciniki, kuma kamar yadda aka saba, mata ba sa shiga.

Sai a lokacin na gane abin da muka yi. Inna ta tattara kayanta. Ta koma tsallake, inda Baba ya daɗe yana cewa ta koma, aka kafa mata rumfar buhu. Ciniki kam ya fi, gaskiyarsa. Bayan 'yan kwanaki na tambaye ta ko har yanzu tana jin jinginar nan. Ta girgiza kai ta ce, "Bayana wayam yake."

Wata ranar Asabar da tsakar rana na kawo mata ƙullu, na tarar rumfar ba kowa. Na hango ta a ɗaya gefen titin, tsaye a jikin katangar. Inna gajeriya ce, katangar ta fi ta tsawo, ko ta yi ɗage ba za ta ga ciki ba. Wani reshe na darbejiyarta ya leƙo waje, shi ta kama da hannu biyu. Na matsa zan yi mata magana, sai na ji tana kira, ƙasa ƙasa, irin kiran da ake yi wa yaro idan abinci ya sauka.

"Bilkisu. Bilkisu, ga ni nan. Ban tafi ba."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Na koma rumfar na zauna da ƙullun a cinyata, na jira ta.