Kura Mai Gadin Nama

Tun da Lamar Whitfield ya shiga ƙwallon Amurka, aikinsa ɗaya ne: ya kutsa cikin abokan hamayya ya kayar da mai jefa musu ƙwallo. Da wannan ya yi suna.

Ana tsakiyar kakar wasa, sai masu kare Cody, mai jefa ƙwallon ƙungiyarsu, suka ji rauni. Koci Gaines ya ja Lamar gefe.

"Daga gobe gaban Cody za ka tsaya. Ko ƙuda kada ya taɓa shi."

"Haba Koci, kura za ka ba ajiyar nama?"

"Ai kura ce ta san hanyar kura."

Ranar Lahadi ana cikin wasa, wani ƙato daga abokan hamayya ya taso wa Cody kamar tirela. Tun daga takunsa Lamar ya gane dabarar, domin shi ma da ita ya ci abinci. Ya tare shi da ƙirji, Cody ya jefa, ƙungiyarsu ta ci.

Cody ya rugo ya ɗafe masa wuya yana ihu, "Yayana!"

"Kai, sauka," in ji Lamar yana dariya. Amma a haka ya ɗauke shi har bakin fili.