Malam Garba Ya Yanke Shirun Baba Yohanna

Duk wanda ya san Wara ya san cewa ba a taɓa gaya wa Malam Garba mai bidiyo yadda ake tace hoto ba, ba don babu masu sani ba, sai don babu mai ƙarfin sauraron amsarsa. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar suna da aure da tseren kwale-kwale, tun zamanin kaset mai girman bulo, kuma kowace shawara aka kawo masa yana da shekarar da ya yi akasinta aka zauna lafiya.

A bana iyalan Baba Yohanna suka kawo masa aiki. Tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, kuma a danginsu shi kaɗai ya rage wanda ya san inda ƙauyukansu suke kafin ruwan Kainji ya shanye su. Suna so a ɗauke shi a cikin jirgi yana kiran sunayen, a nuna wa zuriya ran taronsu na shekara. Likita ya ce wannan ce shigarsa ruwa ta ƙarshe, saboda ƙirjinsa. Aka fita da hantsi, aka dawo da azahar, Malam Garba ya ɗauko awa biyu da rabi.

Cikin jirgin akwai Rahila, jikar tsohon, wadda ta koyi aikin tacewa a Kaduna. Da suka sauka gaɓa ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta shiga ba shi shawara cikin ladabi, wanda shi ne ya fi ɓata masa rai. Ta ce kafin a taɓa komai a kwafe katin kyamara wuri biyu, kwamfuta da faifan ajiya na waje. A sa wa kowane guntu suna da kwanan wata. Tunda kwamfutarsa ta kwana biyu, a yi aiki da kwafi mara nauyi, asalin kuwa a bar shi kamar yadda ya fito, kada a share shi ko an gama. A kalli abin daga farko har ƙarshe kafin a yanka ko da numfashi, sannan masu aikin su gani kafin jama'a su gani.

Malam Garba ya saurare ta da irin haƙurin da ake yi wa mai sayar da maganin basir a mota. Ya tuna mata cewa a shekarar da aka haife ta ya tace bikin naɗin hakimi da na'urar bidiyo biyu da wayar haɗi ɗaya, ba a kwafe komai ko'ina ba, kuma har yau hakimin bai kawo ƙara ba. Bai ga dalilin ambaton cewa hakimin ya rasu wata uku bayan naɗin ba.

Dalilin ƙarfin gwiwarsa shi ne wata sabuwar manhaja da aka sa masa a Yelwa. Tana da maɓalli guda da ke bin bidiyo yana cire duk inda mutum ya yi shiru. Malam Garba, da bai yarda da sabon abu ba sai in shi ya fara jin labarinsa, ya ɗauke ta a matsayin abin da ya daɗe yana tunani Turawa suka riga shi ƙerawa. Ya danna. Awa biyu da rabi ta koma minti goma sha tara. Ya kalli minti na farko, ya ga hoto tar, ya fitar da fim ɗin. Da kwamfutar ta yi kukan cika, ya share asalin da ke cikinta, tunda aiki ya ƙare.

Ran taro, bayan la'asar, aka rufe tagogin wani ajin firamare da tabarmi, aka ta da janareto, aka haska bango. Zuriya ta zo daga Shanga da Birnin Yauri, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, an zaunar da Baba Yohanna a gaba. Sai ga shi a bango yana jero sunaye kamar kwandasta a tasha: Gungun Maƙera, Gungun Kuka, Tungar Bauna, kansa na tsalle daga dama zuwa hagu, rana na tsalle tare da shi.

Abin da Malam Garba bai kalla ba shi ne wannan: in tsohon ya kira sunan ƙauye, yakan yi shiru, ya miƙa filafilinsa na tuƙi ya daidaita da wani dutse ko bishiya a gaɓa, sannan ya tsoma bakin filafilin a ruwa daidai inda ƙauyen yake kwance. Haka ubansa ya koya masa gaishe su. Sunayen kowa ya ji su a bakin kaka. Wuraren ne ba wanda ya sani, kuma su ne manhajar ta gane ba su da amfani.

Tsohon ya kalla har ƙarshe, ya juyo a hankali.

"Garba, bakina na gani. Ina hannuna?"

Malam Garba ya fara bayani kan yadda masu kallo na zamani ba sa son jan rai. Rahila ta matso ta tambaye shi a hankali ko asalin na kwamfuta. Ya ce ya share. Faifan ajiya? Ya ce bai taɓa mallaka ba. Katin fa? Mai ɗaukar bidiyo yakan goge kati ya sake amfani da shi, kuma ta san ya ɗauki aure biyu tun ranar.

A nan Malam Garba ya gyara zaman hularsa. Ya aika aka ɗauko masa wani tsohon gwangwanin alewa daga shago. Cike yake da katuna, kowanne a naɗe cikin takarda da sunan mai biki. Tun zamanin kaset yake karya ɗan harshen nan na bayan kaset don kada a ɗauki wani abu a kai, kuma da kati ya zo, ya ga yana da ɗan makulli a gefe, sai ya ci gaba da abin da ya saba: ya kulle, ya ajiye. Shekaru abokan sana'a suna masa dariya, wai yana sayen sabon kati kowane aiki kamar mai tara layu.

Rahila ta sa katin a kwamfutarta. Awa biyu da rabi na nan, har da tarin tsohon. Ta haska shi a bangon yadda yake, ba yanka ko ɗaya, kuma babu wanda ya tashi. Duk sanda filafilin ya taɓa ruwa, wani a cikin ajin yakan ce a nan aka haifi kakarsa.

Kwana huɗu ta yi tana tace shi a shagonsa: ta rage hurawar iska a sautin, ta daidaita haske, ta rubuta sunan kowane ƙauye a ƙasan shirunsa. Malam Garba na zaune a bayanta yana duba aikin, wato yana shan shayi.

"Ɗiyata, kin ga amfanin bin na gaba," in ji shi. "Da na biye wa zamani, da yanzu ba mu da komai."

"Gaskiya ne, Baba. Maɓallin nan mai cire shiru ma ai tun zamanin hakimi kake da shi."

Bai ji ba, ko kuma ya ga bai kamata ya ji ba. A ƙarshen fim ɗin sunansa ne a sama, da manyan baƙaƙe, nata a ƙasa. Ya ce haka aka saba yi.