Muryar Baba a Hannun Abokai

Malam Murtala na makarantar firamare a Anka ba ya yarda da waya ɗaya. Kafin mahaifinsa ya rasu, Murtala ya ɗauki muryarsa a waya yana lissafa iyakar gonarsu ta Gwashi, gonar da kawunsa Ɗahiru ke ci taku-taku duk damina. Murtala ya karanta cewa masu ilimi ba sa ajiya wuri guda, abokai suke rarraba wa. Sai ya sayi memorin waya uku, ya zuba muryar a kowanne, ya ba Shitu tela, ya ba Sanda mai faci, ya ba Bello direba.

"Wannan shi ne zamani," yake cewa. "Ko ɗaya ya ɓata, biyu na nan."

Ana saura kwana biyu zama da kawun gaban hakimi kan gonar, wayarsa ta suɓuce a kwalekwale, gulbi ya tafi da ita. Bai ko girgiza ba. Ya hau babur ya nufi shagon Shitu.

"Malam, amana nauyi gare ta," in ji Shitu. "Abu kamar farce, cikin ƙyallayen ga? Na kai ma Innarka. Wa ya kai ta ajiya?"

Sanda ma Inna ya kai wa. Bello da aka samu a tasha har ya yi fushi da tambayar: "Ni da ke kwana Gummi in tashi Bukkuyum? Tun ranar na ba Inna!"

Tsarin zamani duk ya taru a ɗakin mahaifiyarsa Inna Atine, wadda ba ta taɓa latsa waya ba.

Murtala ya same ta tana sussukar gero.

"Baƙaƙen abubuwan nan? Sun ce muryar babanka na ciki. Muryar mamaci ba ta kwana ɗaki, Murtala. Na sa an rufe su maƙabarta, da addu'a."

Ya zauna a ƙasa. "Inna, gonar ta tafi."

"Mi ya faɗi a ciki?"

"Iyaka."

Ta jingine taɓarya. "Daga tsamiya mai kogo zuwa suri, a bi kwazazzabo har dutsen da Fulani ka ɗaure maraƙi. Shekara talatin ina kai mai fura can. Shi ne ka sai ƙarfe uku?"

Ranar zama, a hankali Murtala ya tuƙa babur zuwa Gwashi, yana kauce wa kowane rami. Inna na baya, tana faɗan ya cika gudu.