Baƙar Wuƙar Idrissa Mai Lemo

Balarabe mai goro yana tsaye a kan mai washi a bakin layin dogo na Agege, tartsatsi na tashi daga injin, shi kuwa sai cewa yake a ƙara gogewa har ta yi fari tas. Wuƙar ba tasa ba ce. Ta maƙwabcinsa ce, Idrissa mai lemo, wanda ciwon ƙirji ya kwantar tun farkon damina. Da safe Balarabe ya shiga gaishe shi ya tarar yana barci, ya ga tsatsa ta fara cin wuƙar a gefen tabarma, sai ya sa ta a aljihu.

Tun zamanin soja har aka koma farar hula, tsofaffin nan biyu ba su da hira sai musun ƙarfe. Ta Idrissa 'yar ƙarama ce mai naɗewa, ƙotar ƙaho, wani maƙeri a garinsu Tawa ta ƙasar Nijar ya ƙera masa ita da sifirin ɗin mota, ruwan lemo ya rine ta baƙa ƙirin. Ta Balarabe farin ƙarfe ce ta kanti daga kasuwar Idumota, ko a ruwa ta kwana ba ruwanta da tsatsa. Duka biyun ba su da makulli, in ka danna ba daidai ba sai su rufe maka a yatsa, kuma tsofaffin duka sun yarda wuƙa mai makulli ta raggo ce. Daga nan kuwa sai faɗa. Balarabe ya ce baƙin ƙarfe bauta ne, kullum goge, kullum shafa man gyaɗa, a garin da ko ƙusa gumi take yi. Idrissa ya ce farin ƙarfe ɗan birni ne, ga kyan fuska ba cizo, tasa kuwa ka shafa ta a dutse sau biyu ta aske gemu.

Bayan rikicin ƙabilanci na Ketu Hausawan gidan suka tattara suka koma Arewa. Sababbin 'yan haya mutanen kirki ne, sai dai gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Matar Balarabe ta rasu, 'ya'yansa suna Kano. Duk faɗin Ikko mutum ɗaya ne ya rage da zai ce masa ƙarya kake, kuma tsoron rasa shi ne yake hana Balarabe cin abinci. Ya ƙudura a ransa in Idrissa ya ga wuƙarsa tana walƙiya, ko dai daɗi ya tashe shi, ko haushi ya tashe shi.

Garin neman gira aka rasa ido. Injin ya cinye bakin wuƙar, zafi ya kashe ƙarfen, har tsininta ya yi shuɗi-shuɗi. Balarabe bai lura ba, shi dai ƙyalli ya gani.

Ya tarar da Idrissa ya farka, an jingina shi da bango. Ya miƙa masa yana murmushi, ya gyara zama yana jiran ruwan masifa. Idrissa ya buɗe ta da ƙyar, ya ɗora babban yatsa a bakin. Sannan ya naɗe ta a hankali.

"Ta yi kyawo, Malam Balarabe," in ji shi. "Ashe gaskiyarka ce, hwari ya hi."

"Wane irin ya fi? Kai fa ka ce ɗan birni ne, ba cizo."

"To, na bar maka."

"Ban karɓa ba. Ka tashi mu yi ta."

Idrissa ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Balarabe ya fita tsakar gida ya tsaya a bakin rijiya, hawaye na zuba a gemunsa. Ba likita Idrissa yake nema ba kuma, sallama ya yi masa, ya kuwa gane.

Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Kafin la'asar an kai shi, 'yan Nijar masu gadi da 'yan dako suka cika sahu. Liman ya haɗa kayan marigayin cikin buhu ɗaya, faranti da bargo da rediyo, ya ce akwai direban da zai tashi ran Juma'a, zai kai wa Mariamu, 'yar Idrissa, a Tawa. Balarabe ya roƙi a bar masa wuƙar zuwa ranar. Ya ce kunya yake ji yarinya ta karɓi wuƙar ubanta ta kasa gane ta.

Da hantsi ya sayo lemo cikin kwando ya zauna shi kaɗai a kan benci a ƙofar gida. Yana feraya, wuƙar na zamewa, ɓawon na gutsurewa. In ya gama ɗaya sai ya ajiye, ya bar ruwan ya bushe a jikin ƙarfen, ya ɗaga ta ya duba ko ta fara duhu. Wata mata ta tsaya ta tambayi kuɗin lemo da Yarbanci, ya girgiza mata kai. Jirgin ƙasa ya wuce, ferarrun lemo suka yi ta rawa a kan bencin, ya sa hannu ya tare su, ya ɗauki wani.